Ta'aziyyar Ƙanƙara ga Bazazzagin Bronx

Bawana Bazazzagi, ina gaisuwa. Yaya Niyok, yaya iyali, yaya kuma ƙarin haƙuri? Na so in bari sai an yi sadakar arba'in kafin in rubuto, to amma ga shi Maris ɗin 2024 ya wuce, itatuwan Central Park sun fara toho, kuma ƙanƙarar da ake jira ba ta zo ba. Karo na biyu ke nan a jere da lokacin sanyi ya shigo ya fita ya bar ka riƙe da shebur kana kallon sama. Allah ya ba da haƙuri, ya mayar da alheri, ya kuma ba ka aikin yi.

Masu karatu ba su san ka ba, don haka bari in gabatar da kai. Wannan bawan Allah haifaffen Tudun Wadar Zariya ne, kuma a zamanin da yake gida babu mai tsoron sanyi irinsa tsakanin Kwangila da Ƙofar Doka. Da zarar hunturu ya kaɗa, ƙura ta rufe dutsen Kufena, shi ke nan an shiga hakkin ruwan wanka. Kaskon gawayi a tsakanin ƙafafu, hular sanyi har kunne, rawani a kan hular, bargo a kan rawanin. Alwalar asuba kuwa sai an ɗumama masa ruwa, shi ma sai ya gama binciken littattafai ko akwai malamin da ya halatta taimama saboda jaura. Wannan mutumin ne yau ya shiga cikin mutanen da a Amurka ba su da abin so sai kallon yanayi, masu ajiye ma'aunin zafi a taga da littafin rubuta incin ƙanƙara a aljihu, yana turo mini saƙon murya yana kuka wai sanyin bana bai yi komai ba. Ikon Allah sai kallo.

A gaskiya dai an cuce ku, wannan ban musa ba. A matsakaiciyar shekara Central Park kan samu dusar ƙanƙara kusan inci 30, wato wajen santimita 75. A lokacin sanyin 2022 zuwa 2023 abin da aka auna gaba ɗaya inci 2.3 ne, tarin wata da watanni bai kai tsawon yatsanka na tsakiya ba. Tun da aka fara rubuta lissafin a 1869 ba a taɓa ganin ƙaranci irin wannan ba. Disamba ya wuce fayau, Janairu ya zo da ɗumin da bai taɓa zuwa da shi ba, sai ranar 1 ga Fabrairun 2023 aka samu abin da ya isa a sa masa ma'auni, shi ma bai kai rabin inci ba. Kafin nan jinkiri mafi tsawo da aka sani shi ne na 29 ga Janairun 1973. Maƙwabtanku ma ba su tsira ba: Washintan, Filadalfiya da Baltimo, babu wadda ta haɗa rabin inci a duk lokacin. Ka ga ashe makokin na dangi ne.

Amma abin da ya fi ba ni dariya, wanda har gobe in na tuna sai na ajiye kofin shayi, shi ne daren 27 ga Fabrairu. Ƙanƙara ta zo, ta sauka sosai, inci 1.8. Ka kira ni murya na rawa kana cewa fari ya ƙare. Washegari masu lissafi suka ce a'a, ba haka ake yi ba. Su a ƙa'idarsu ana ƙirga inci guda ne a cikin yini guda, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare. To ita wannan baiwar Allah sai ta raba kanta daidai wa daida, 0.9 kafin sha biyu, 0.9 bayan sha biyu. Ko alƙalin rabon gado bai iya wannan adalci ba. Haka ƙirgen kwanakin fari ya ci gaba da tafiya, kai kuma ka wuni kana zargin agogo.

Na lura ma ba ita kanta ƙanƙarar kuke so ba, taswirarta kuke so. Uwargida ta faɗa mini yadda dare yake a gidanku. An yi isha'i, an ci tuwo, yara sun kwanta, sai maigida ya buɗe kwamfuta ya zauna jiran hasashen Amurkawa, wanda ake kira GFS, mai fitowa sau huɗu a yini. Shi wannan ba ya jin kunya, yakan hango har kwana 16 gaba, ya shafa wa Niyok shuɗi da jan-garura a taswira, ya ce ga inci 20 nan tafe. Nan take sai 'yan majalisarku su fara kiran juna, ana taya murna, ana lissafin wace unguwa za ta fi wace. Kai kuma sai ka ƙi barci sai wajen ƙarfe ɗayan dare, lokacin da hasashen Turai ke fitowa, na cibiyar nan mai hedikwata a Reading ta Ingila, wanda kuka ɗauka a matsayin babban malami. Shi kuma ya fito ya ce ruwa ne zalla. Kallon kitse aka yi wa rogo. Da gari ya waye GFS ɗin ma ya janye maganarsa ba tare da neman gafara ba, ya sake ɗora wata guguwar a kwana goma masu zuwa. Kullum tana kwana goma gaba, ba ta matsowa. Mutumin da tahajjudin goman ƙarshe ke gagara sai ga shi yana raya dare saboda iska.

Ka yi mini bayanin abin har na haddace, ko da yake ban nema ba. Ka ce akwai wani wuri a cikin tekun Atlantika, kudu da tsibirin Nantucket, inda layin digiri 40 na arewa ya haɗu da na 70 na yamma. In guguwa ta bi ta kansa, kuma akwai busasshen sanyi da ya sauko daga Kanada ya zauna, to Niyok da Bostan sun samu. In ta matso kusa da gaɓa, sai ta jawo iskar teku mai ɗumi, ku sha ruwa, mutanen kan tudu can ciki su kwashe ƙanƙarar. In ta yi nisa kuma, kifaye su samu. Wato dai farin cikin ɗan Zazzau ya rataya ne a kan wani ɗigo a tsakiyar ruwa wanda bai taɓa gani ba, ba zai kuma taɓa gani ba, tunda ko rafin Kubanni ba ka iya tsallakewa sai an riƙe maka hannu.

A hunturun 2022 zuwa 2023 kun ɗora laifin a kan La Nina, sanyin ruwan tekun Fasifik da ya yi hunturu uku a jere bai tafi ba. Shi ya karkatar da hanyar guguwa, ta riƙa bi ta yamma da ku tana haurawa Manyan Tafkuna, ku kuna ɓangaren ɗumi. Rabon naku can ya tafi. Duwatsun Kalifoniya suka nutse, wani wurin wasan zamiya a can ya haura inci 700, Alta ta jihar Utah ta haura 900. Ku 2.3, su 900. Ko a rabon naman layya ban taɓa jin an yi wa maƙwabci haka ba.

Sai kuma maganar kuregen nan. Wallahi da wani ne ya ba ni labari da na ce sharri ne irin namu na Kanawa. Kowace ranar 2 ga Fabrairu, a wani gari na jihar Pennsylvania mai suna Punxsutawney, dattawa masu dogayen huluna kan fito da wata dabba dangin kurege daga kogon kututture, su ce in ta ga inuwarta saura mako shida na sanyi. A 2023 aka ce ta gani. Kai da bakinka ka aiko mini da albishir. Haba ɗan birnin ilimi! Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da zaurukan malamai a kowane lungu, a ce ɗansa ya koma neman fatawa wajen kurege? Da Bakano ne ya yi haka da kun shekara kuna yi mana waƙa a dandali.

Da kaka ta zagayo sai kuka ce to bana kam an gama, El Nino ya zo, ruwan Fasifik ya yi ɗumi, irin shekarar da ke kawo manyan guguwa ke nan. Kuna ta tuna mini Janairun 2016, lokacin da Central Park ta samu inci 27.5 a zubi ɗaya, mafi yawa a tarihinta, kuma shekarar El Nino ce. Aka sake sayen gishiri. Disamba ya zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwa dai, ba fari ko ɗigo. Sai 16 ga Janairun 2024 aka samu incin nan guda a yini guda, bayan kwana 701, tun 13 ga Fabrairun 2022. Hoton da ka turo mini yana nan: kai tsugune a gefen titi cikin rigar sanyi mai kumburi, ka soka rular ɗanka ta makaranta a kan murfin kwandon shara, ana hango baƙin kwalta ta ƙarƙashin farin, kana murmushi har kunne. Aka ɗan ƙara a tsakiyar Fabrairu, aka tashi da inci 7.5 a duk lokacin, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta ce ba a taɓa yin hunturu mai ɗumin wannan ba a faɗin ƙasar.

Da abin ya ƙi, sai kuka koma kan mai awo. Wai ana tauye muku mudu a Central Park. Wai allon da ake ɗora wa ma'auni, farin katakon nan da ake sharewa bayan kowace awa shida, an ajiye shi inda bai dace ba, ko kuma mai awon ya makara har ta narke. A ƙofar gidanka, in ji ka, ta fi haka da rabin inci cur. Ni ɗan kasuwa ne, na san rigimar mudu, amma ban taɓa jin mai saye yana rantsuwa a kan hatsin da ba zai ci ba.

Yanzu bari in ɗan sauke wasa. A cikin hunturun da kake kuka babu komai, a jiharku ɗaya, Bafalo ta ga abin da kake roƙo. A Nuwamban 2022 iska mai sanyi ta bi ta kan tafkin Erie da bai daskare ba, ta kwashi danshi ta juye wa garuruwan kudu da birnin, wasu suka samu kusan inci 80, har aka mayar da wasan ƙwallon ƙungiyar garin zuwa Detroit. Ana gab da Kirsimeti wata ta sake zuwa da iska mai makantarwa, ta kashe fiye da mutum 40, wasu a cikin motocinsu, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Su waɗannan ba su kwana suna kallon taswira don sha'awa ba. Ka kuma duba ƙasa daga tagarka ta hawa na huɗu. Dokar birninku ta ce mai gida ya share gaban gidansa cikin awa huɗu bayan ta tsaya, ko ya biya tara. Kai ɗan haya ne, ba ruwanka. Masu tuƙa tasi da yaran da ke kai abinci a kan keke, da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Gana da Nijar da Gini da Senegal, su za su shiga cikinta da ƙafa da taya. Ka tambaye su a masallaci ranar Juma'a ko sun yi kewarta, amma ka tsaya kusa da ƙofa kafin ka tambaya.

Abu ɗaya zan ba ka gaskiya a kansa, shi ma don kada a ce Bakano ba ya adalci. Hunturu biyu ba su isa a yanke wa duniya hukunci ba, kuma wata shekarar tana iya zuwa ta binne ku har taga. Sai dai ɗumin da ke mayar da ƙanƙararku ruwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu nan muna ganinsa a zafin Afrilu da ke hana barci, da damina mai zuwa a hargitse. Da a ce wannan ne ke hana ka barci da na ce Zazzau ta yi ɗa. To amma na san ka, kai dai so kake ka ga gari ya yi fari ka ɗauki hoto ka turo Kano a ce ka ci gaba.

Ga shawara irin ta mutanen kasuwar Kurmi, kyauta na ba ka, abin da ba mu saba ba. Jan shebur ɗin nan da ke bayan ƙofa, wanda takardar farashinsa ke liƙe har yau, ka sa shi cikin kayan da za a turo gida, ina da magina masu bukata, zan sayar in cire la'ada. Buhun gishirin da ya dunƙule ya zama dutse kuwa ka riƙe abinka, an ce ba a miya da shi. In sanyi kake nema tsakani da Allah, ka sayi tikiti ka zo a watan Janairu, in shimfiɗa maka tabarma a kan dutsen Dala da asuba, babu kasko babu bargo, mu ga awa nawa gwanin ƙanƙara zai yi. Kuma tsakaninmu akwai kuɗin sharar da suka taru tun tafiyarka, a dala nake so, kada ka ce sai an ga abin da hasashen Turai ya ce.

A gaida uwargida da haƙurin zama da kai. Filin nan a buɗe yake mako mai zuwa in kana da bakin ramawa.