Kafin Ka Yi Wa A Daidaita Sahunka Garambawul

Akwai wani kuka da A Daidaita Sahu ke yi idan ya fara tsufa, kuma duk mai bin hanyar Wudil zuwa Gaya, ko hanyoyin ƙauyukan Ajingi irin su Toranke da Balare, ya san shi. Direba ya murɗa totur har ƙarshe, inji ya yi gurnani kamar raƙumin da ake wa lodi, amma mai keken hawa ya zo ya wuce yana yi wa fasinja sannu da hanya. Nan take direba zai yanke hukunci: inji ya mutu, sai garambawul. Ni dai ra'ayina shi ne, yawancin injinan da ake kaiwa gareji a kwance ba su kai ga haka ba. An shaƙe su ne, ko an ba su gurɓataccen abinci, ko an ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Saboda haka mai hankali ya fara bincike daga abin da ba ya cin ko kwabo, ya bar kwance inji ya zama na ƙarshe.

Sai ka fara sanin dabbar da kake kiwo. Kekunan nan sun bazu ne da shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001, a Kano suka ci sunan shirin gyaran tarbiyya na Malam Ibrahim Shekarau, suka kuma cika gari bayan an hana acaɓa a birni a farkon 2013. Bajaj ne ko TVS, duk 'yan Indiya ne, fistin ɗaya gare su, girman injin kusan sisi 200, ƙarfinsa kusan na dawakai 10 ne. Dawakai goma a hawan sallar Gaya abin kallo ne, amma ka tuna kowanne mahayi ɗaya yake ɗauka. Kamfanin ya ƙera keken don direba da mutum uku. Ga shi kuma a cikin ƙurar hunturu yake aiki.

Ƙurar nan ce abin tuhuma na farko. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone yadda ya kamata, sai inji ya shaƙi iska kimanin lita 9,000, kuma duk ta cikin matatar iska za ta bi. Idan matatar ta toshe, kamar ka tura wa ɗan dambe rawani a baki ne ka ce ya shiga fage. Buɗe akwatinta ka duba. In soso ce, wanke ta, ka bari ta bushe, ka shafa mata ɗan mai kaɗan. In ta takarda ce, kaɗe ta a hankali, in ta yi baƙi ƙirin ka sayi sabuwa, kada ka sa mata ruwa. Wani zai ce ai shi cire ta ya yi gaba ɗaya, kuma keken ya ƙara gudu. Gaskiya ne zai ji sauƙi na 'yan kwanaki, amma ƙurar da matatar ke tarewa yanzu ciki take shiga, ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa goge ringi da bangon silinda kamar yadda mata ke goge tukunya da yashi. Garambawul ɗin da yake gudu, da hannunsa ya aika masa goron gayyata.

Daga nan sai fulogi, wanda shi ne mai ba da shaidar da ba ya ƙarya. Kwance shi bayan inji ya huce, ka kalli bakinsa. Idan launin ƙasa-ƙasa ne kamar soyayyar gyaɗa, cikin injinka lafiya lau. Idan baƙi ne busasshe mai kunkunniya, fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Idan fari ne fat, fetur ya yi kaɗan kuma inji yana ɗaukar zafi. Idan kuwa ya jiƙe da baƙin mai, to wannan ne kaɗai labarin da zai sa ka fara lissafin kuɗin bakanike. Farin fulogin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa kan roƙi bakanike ya matse musu kafireta don ta rage sha. Ba na ganin laifin mai wannan tunani, domin tsadar mai ta taɓa tukunyar kowa. Sai dai injin da iska ce ke sanyaya shi, in an hana shi rabonsa na fetur, zafi yake yi, bawul ya ƙone, ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara murɗa totur, ya ƙone man da ya so ya tara. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Shi kansa man sai an tambaye shi daga ina ya fito. Wanda yake nesa da gidan mai dole wata rana ya sayi na galan a wajen 'yan bumburutu, kuma jarkar da ta sha rana da damina ba a rasa ruwa ko datti a gindinta. Kwance ƙaramin notin da ke ƙasan kafireta, ka tari abin da ya zubo a farar kwalba. In da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, fetur yana bisa. Duba matatar mai da tiyo, ka kuma buɗe murfin tanki bayan doguwar tafiya: in ka ji ya ja iska ya yi fuuu, ƙaramar ƙofar numfashinsa ce ta toshe, man ya kasa sauka. Tsinke ɗaya ya isa ya warkar da ciwon da aka yi wa kuɗin buhun gero.

Wani lokaci ma injin ba ruwansa. Ajiye keken a fili, ka cire giya, ka tura shi da hannu. In ya yi maka taurin kai kamar jakin da ya ga rijiya, birki ne ke riƙe ƙafa, ko taya ba iska, sai ka nufi wajen mai faci. In kuma kana tafiya inji yana ihu gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa, a gyara wayarsa ko a canja faifansa.

Saura maganar da ba a son ji, wato lodi. Ranar Juma'a da ake cin kasuwar Wudil, za ka ga keke ɗaya da mutum huɗu a baya, biyu sun sa direba a tsakiya, buhu biyu na masara a bayansu, ga akuya tana leƙen hanya. Buhu biyun kaɗai kilo 200 ne. Hausawa kan ce an bar jaki ana dukan taiki, to a nan taikin ne mai laifi, jakin ake duka. Direba zai ce, kuma yana da hujja, mai keke balas ɗinsa yake jira da yamma, ba ya tambayar yawan fasinja. Amsata ita ce a yi lissafin har ƙarshe: kuɗin mutum ukun da aka ƙara suna shigowa a hankali, amma kuɗin kuloci da ringi da kwana uku a gareji rana ɗaya suke fita, kuma balas ba ya tsayawa don keke yana kwance. Ya kamata masu kekuna su ma su shiga wannan lissafi, tunda dukiyarsu ce ke narkewa.

Ba ina cewa a raina bakanike ba ne. Gaya garin maƙera ne tun asali, har tarihin baka yana cewa Abagayawa ne suka je gindin Dala neman tama kafin Kano ta zama birni, don haka masu sanin ƙarfe ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Bakaniken kirki daɗi yake ji ka zo masa da bayani: matata sabuwa ce, fulogi ga launinsa, mai ba ruwa, birki ba ya riƙewa. In duk ka bi waɗannan keken bai farfaɗo ba, salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa duk sati, ka ce ya fara daidaita tazarar bawul, ya kuma auna matsin silinda. In awon ya nuna matsin ya faɗi, sai ka ce masa bismilla, ya ɗauko sifana, kai kuma ka nemi inuwa ka zauna inda za ka ga duk abin da aka cire da abin da aka mayar.