Ƙirga Yatsun Mai Bindiga

Jan baki ne ya ja mini. Ni malamin makaranta ne a Dawakin Kudu, babban makamin da na saba riƙewa alli ne. Amma duk mai albashi a yankinmu, in ya daɗe yana kallon motocin shanshera suna wucewa, wata rana sai zuciya ta raya masa shi ma manomi ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta Ruwan Kanya yana shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani da damina. Na karɓi hayar ɗan fegi ta wajen Bunkure, na dasa shinkafa, na fara kallon masu babur irin nawa da tausayi.

Tana fara nono baƙi suka sauka. Masana sun ƙiyasta abin da tsuntsun jan baki ɗaya ke ci a rana kusan giram 10 ne, kuma ban musa ba. Matsalar ita ce ba ya zuwa shi kaɗai, da dangin uwa da na uba yake tafe, safe da yamma. Na ɗauki yara masu kora, aka ja igiya aka rataya gwangwanaye, aka tanadi majajjawa. Ranar da na kai ziyarar ba-zata na tarar da ma'aikatana suna iyo a kanal, tsuntsaye kuwa sun jeru a kan igiyar gwangwanin suna hutawa kafin zagaye na biyu. Maƙwabcin gonata ya ce maganin abin bindigar toka ce, a ɗura albarushi zalla ba harsashi, ƙara ɗaya gona ta yi fes.

Na je wurin kawuna, wanda ya yi farauta da ƙuruciya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗan nan, tunda ka ƙi ji, to kafin ka kalli bindigar, ka fara ƙirga yatsun mai ita."

Wani dillali ya kai ni wani ƙauye wurin wani tsohon maharbi. Na miƙa hannu biyu cikin ladabi, niyyata in yi ƙidaya. Na dama biyar cif. Na hagu kuwa yana cikin aljihun taguwa, muka gama gaisuwa har da tambayar gajiya da iyali da ruwa bai fito ba. Sai da na ɓare goro na miƙa masa ta ɓangaren hagu ya manta. Uku da rabi.

"Baba, wannan fa?"

"Injin casa ne, Malam."

A hanyar dawowa dillali ya ce mini jaki ne ya cije shi.

A can gidan Baba kuwa, aka zaro bindigar daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zane. Doguwa ce, gindinta na katako ya sha hannu har yana ƙyalli, an ɗaure tsakiyarta da robar tiyub, ga layu biyu suna reto. Kawu ya riga ya karanta mini darasi: maƙera kan yi bututun da ƙarfen famfo ko da sandar sitiyarin mota. Na famfo yana da ɗinki daga sama har ƙasa, kuma ranar da zai ci amanarka ta nan zai fara. Na shafa ina neman ɗinki, sai na ji fata, an ɗinke bututun da ita kusan duka. Baba ya ce don sanyi. Ban san ƙarfe yana mura ba, amma na gyaɗa kai. Na ɗauki ƙusa na ƙwanƙwasa inda fatar ta ƙare, don an ce lafiyayyen ƙarfe zaƙin amo gare shi, mai tsagu kuwa muryarsa a dushe take. Ta ce ɗum.

"Muryar manya ke nan," in ji Baba.

Daga nan na ɗaga ta sama na saita rana na leƙa bakin, na yi shelar cewa a toshe take, ba na hango haske. Har matan gida sai da na jiyo dariyarsu ta bayan zana. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta, bayanta a rufe yake, wanda ya hango rana ta cikinta ya ajiye ya gudu. Dillali ya janye bakin daga idona da ɗan yatsa, a hankali, ya miƙo mini sandar ɗuri. Gwajin gaskiya ke nan: ka auna sandar a jikin bututu ta waje, ka zura ta ciki, in ta tsaya ba ta kai inda ta kai a waje ba, akwai ajiya. Tawa ta tsaya saura kusan ɗani guda.

"Zanzaro ne ya yi gini," in ji Baba. Aka zungura, aka kife, ga busasshiyar laka tana zubowa har da matattun tsutsotsi. Na sake zurawa, saura faɗin yatsu uku. Ya ce harsashin ginin zanzaron ne, wuta za ta share shi. Yaushe rabon a harba ta? Ya ɗaga kai yana lissafi, ya ce shekarar da aka yi ambaliya. Wace ambaliyar, bai faɗa ba, kuma a ƙasar Kura da Bunkure wannan ba kwanan wata ba ne.

Muka daidaita a kan buhun shanshera biyu, ɗaya a ba da kuɗinsa nan take, ɗaya bayan gwaji, don a cewarsa albarushi ba ya tashi a kan bashi.

Da la'asar muka hallara a bakin gonata, lokacin da jan baki ke sauka, don a yi gwajin a gaban masu laifi. Baba ya ɗura albarushi ya tura tsumma ya daka. Aka ɗaure ta a jikin darbejiya, aka ƙulla igiya a kunama, aka miƙo mini ƙarshenta. Nan na lura da abin da kawu bai koya mini ba. Mutumin da ya rantse da wannan bindiga ya yi farauta tun ba a haife ni ba, yana can bayan tudun kanal, hularsa kaɗai ake gani. Dillali yana kan babur ɗinsa, injin a kunne, fuska ta kalli titi. Ni kuwa igiyar da aka ba ni ta ɗaurin akuya ce.

Na yi bisimilla na ja. Ƙas. Shiru. Jan baki ko ɗaga kai bai yi ba.

"Kar ka matsa, Malam, tunani take yi!" Baba ya ƙwala daga nesa. Na jira har na ji kunya, yara masu kora suna kallo. Na ɗaga ƙafa ke nan zan taka, duniya ta tsage. Da hayaƙi ya lafa na tsinci kaina zaune cikin taɓon shinkafa, takalmi ɗaya, kunne yana kiɗan kansa. Bututun ya buɗe kamar ɓawon ayaba, daidai ɗinkin da fata ta ɓoye. Ajiyar nan ta yatsu uku ashe tsohon ɗuri ne na shekarar ambaliya, da harsashinsa, Baba ya ɗora sabo a kai. Abin da ya rage na ƙarfinta ya fita ta baki ya nufi abu ɗaya tilo da ke tsaye a wajen, wato babur ɗina.

Kafin in gano ɗaya takalmin 'yan sintiri sun iso da gorori, sun zaci ɓarayi ne. Aka tasa mu gaba sai ƙofar dagaci, wani yaro yana biye da gawar bindiga a kafaɗa. Ɗan dagacin, mai karatun lauya, ya samu abin da ya daɗe yana nema, wato masu sauraro. Ya bayyana mana cewa Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: manya irin na soja sai da izinin shugaban ƙasa, irin su bindigar harbin tsuntsu ta Bature sai da lasin Sufeto Janar, bindigar toka kuwa lamarinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Ya rufe da tambaya: ta wace ce, kuma ina takarda?

Da rana mu biyu kowa yana ce mata tawa. Yanzu ta zama marainiya.

"Ranka ya daɗe, na sayar, ga shaida," in ji Baba, yana nuna dillali, wanda ba ya wurin.

"Ranka ya daɗe, ban gama biya ba, ciniki bai faɗa ba."

Dagaci ya juya ta da sandarsa, ya ce shi dai bai ga bindiga a nan ba, itacen girki ya gani da guntun famfo. Tunda rabi na biya, katakon nawa ne, ƙarfen na Baba, layu a mayar wa mai su tunda sun yi aikinsu, ba wanda ya mutu. Buhu na biyu kuwa a ba 'yan sintiri ladan gudun da muka sa su.

Na tura babur har bakin titi wurin mai faci. Ya tsoma tiyub a ruwa, kumfa ta taso ta ko'ina. Ya sa filaya ya zaro ƙwayar boris daga taya, ya zaro kan ƙusa, ya zaro wani abu da ya yi kama da maɓallin wando.

"Malam," ya ce, "wai wace hanya ka biyo?"