Sarkin Haske na Aliero, Rage Wutar Nan

Taubashina, ɗan Aliero, mai ƙamshin albasa tun daga hula har bakin wando, ina gaisuwa. Ba don ka cancanta ba, sai don Gwaggo tana raye kuma za a karanta mata. Labari ya riga motar albasarka isowa Jega: wai ƙanenka da ke karatu a Malesiya ya aiko maka da bindigar wasa mai harba 'ya'yan roba, haɗe da ɗan madubin saiti mai jan ɗigo a tsakiya, kuma tun daga ranar kajin gidanku ba su sake barci mai daɗi ba. Har an ce ka tara samari, ka naɗa kanka kwamanda, kuna shirin wasan dare a gonar surukinka ta wajen Maiyama. Kai da furfura a gemu! To, ba laifi. Wasu na tsufa da carbi, wasu da jarida, kai kuma Allah ya nufe ka da bindigar roba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙorafin da aka ce kana yi a majalisa: "Wanga abu jabu na! Da rana shina aiki, da dare sai jan wuta kaɗai nika gani." Ka zagi wanda ya ƙera, ka zagi wanda ya sayar, ka kusa haɗawa da yaron da ya ƙuntata wa cikinsa ya saya maka. Mutum ɗaya ka tsallake, shi ne wanda ya murɗa makunnin har sai da ya ƙi motsi. Na san shi. Tare muka yi kiwon awakin Kaka da shi.

Ai halinka ne tun fil azal, Sarkin Haske. A wurinka duk abin da ke da makunni an yi shi ne don a kai shi ƙarshe. Rediyonka, mutanen Sabiyal ma na jin labaran ƙarfe shida kyauta. Shayinka, sai cokali ya tsaya da ƙafarsa. Turarenka na shiga masallaci ya samar maka sahu kafin ka gama alwala. Wayarka in ta yi ƙara a wurin ɗaurin aure, liman sai ya dakata. Ban ce mugun hali ba ne, mutum mai hannu sake haka yake, kuma ko maƙiyinka ya san ba a fita gidanka da yunwa. Sai dai dare ba ya son mai hannu sake.

Bari in faɗa maka abin da ke hannunka, tunda takardar da aka haɗo da shi ka kunna gawayi da ita. Wasan sunansa eyasof, kuma a Japan ya samo asali a shekarun 1970, ƙasar da doka ta tsananta kan mallakar bindigar gaske har masu sha'awa suka koma ta roba. 'Ya'yan da take harbawa faɗinsu milimita 6 ne. Shi kuwa madubin ya girmi wasan. Wani maƙerin na'urar hangen taurari ɗan ƙasar Ayalan, Howard Grubb, shi ya fito da dabarar a 1900, sannan kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fara sayar da mai aiki da batir a 1975. A ciki akwai ɗan ƙwan lantarki mitsitsi, irin wanda ke ƙiftawa a jikin cajar waya. Haskensa yana bugun gilashi mai ɗan lanƙwasa, ya dawo cikin idonka. Ka ji ko? Cikin idonka. Ba ya zuwa ko'ina. Wannan jan ɗigon da kake gani a fim yana yawo a ƙirjin mugu, wata na'ura ce daban. Kai da ka ɗauka kana haska wa abokin gaba goshi, ashe kanka kake dallare wa ido, da kuɗin batirinka.

Da tsakar rana, a kan farin rairayi, dole a ƙara masa ƙarfi, in ba haka ba hasken rana zai haɗiye shi. Shi ya sa ka yi ta kakkaɓe gwangwanayen madara a tsakar gida kana kirari. Da dare kuwa lissafin ya juya. Ɗigon da ya kamata ya tsaya kamar ƙwayar gero, naka ya kumbura ya zama albasar Aliero, ta rufe duk abin da kake son gani, har da katangar da ke bayansa.

Ga dalili, kuma ka saurara, don ko 'yan jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa muku tun 2006 abin da za su gaya maka ke nan, in da kana shiga ciki ba sayar wa masu gadinta albasa kawai ba. Baƙin da ke tsakiyar ido ƙofa ce. A rana tana tsukewa zuwa kusan milimita 2, a duhu ta buɗe har wajen 7 ko 8 ga matashi. Ga mai shekarunka ba ta kai haka, amma mu bar wannan. A can bayan ido kuma akwai ma'aikata kashi biyu. 'Yan aikin rana, kusan miliyan 6, su ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa. 'Yan aikin dare, kusan miliyan 120, ba ruwansu da launi, amma ɗan motsi kaɗan a duhu sun kama shi. Matsalar 'yan daren ita ce nawa. Akwai wani sinadari a jikinsu da haske ke narkarwa, kuma kafin ya sake taruwa sosai sai an yi minti 20 zuwa 30 a cikin duhu. Walƙiya ɗaya ta fitila mai ƙarfi ta isa ta zubar da mafi yawan wannan tarin. Wato kai, da kake duba WhatsApp kowane minti biyar a tsakiyar gona, idonka bai taɓa sanin dare ya yi ba.

Jan launi kuwa ya fi kowane sauƙi ga 'yan aikin dare, don da ƙyar suke ganinsa. Wannan ya sa masu duban taurari ke karanta taswira da jar fitila, kuma matuƙa jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu kan sa jan tabarau kafin tashin dare. Amma ko ja ne, in ya yi yawa sai ƙofar ido ta tsuke, hasken ya bazu a gilashi, a koma gidan jiya. An ba ka launin da ya fi kowane ladabi, ka koya masa rashin kunya.

Af, kafin in manta. Shi wancan sinadarin daga bitamin A jiki ke haɗa shi, kuma ƙarancinsa ne ke kawo dundumi. Ana samunsa a hanta, da manja, da karas, da zogale. Albasa fa? Kusan babu. Ka ga ikon Allah: gari guda ya cika tireloli da ita har Legas da Fatakwal, amma ba ta iya taimaka wa ɗanta ya ga ramin da ke gabansa ba. Ka zo Jega mu ba ka hanta, kasuwarmu ba ta taɓa rasa mahauta ba.

Abin haushin ma, ba sai an je Suwidin ba. Tsofaffin maharbanmu sun san wannan tun kafin a haifi mai kamfanin. Maharbi ba ya tashi daga bakin wuta ya faɗa daji kai tsaye, sai ya ɗan zauna a duhu ido ya saba. In zai kalli abu mai dishi-dishi, ba ya zuba masa ido tsaf, gefensa yake kallo, kuma kimiyya ta ba shi gaskiya, don tsakiyar ido babu 'yan aikin dare, a gefe suka yi sansani. Fitilar goshi kuwa ba ya barin ta a kunne yana yawo. Ya ɗan haska, ya ga ƙyallin idon dabba, ya kashe. Masu su a gulbin Zamfara, nan bakin garinmu, su ma ba sa wasa da wannan. Kai ne kaɗai ka ɗauka dare abokin gaba ne da ake kora da batir.

To ga magani, kyauta, duk da ban ga abin da ka taɓa ba ni kyauta ba sai mura. Ka fara da abin da ya fi maka wuya a duniya: murɗa makunnin baya, zuwa lamba ta ɗaya. Ka tsaya a duhu, ka ƙara kaɗan-kaɗan har ɗigon ya bayyana da ƙyar, ka tsaya nan. Ido biyu a buɗe, haka aka yi abin a yi amfani da shi, kuma ka kalli abin da kake nufi, ba ɗigon ba. Masu tsada suna da matakai na can ƙasa da aka yi don na'urar ganin dare, wasu ma ido tsirara ba ya ganinsu. Naka kuwa, in na san aljihun ɗalibi, na masu rangwame ne, irin wanda lambarsa ta ɗaya ma ihu take yi. In haka ne, ka je wurin masu manna baƙar leda a gilashin mota, ka roƙi ɗan guntu, kada ka ce za ka saya don na san ka, ka yanka ɗan mitsitsi ka manna a bakin ramin da hasken ke fitowa. In bai isa ba, ka ƙara wani a kai. A bakin ramin na ce, ba a kan gilashin ba, kuma da tsinke mai laushi, ba da wuƙar yankan albasa ba. Batirin irin waɗannan galibi CR2032 ne, mai faɗi, bolt 3, kuma wanda ya ɗan gaji yakan rage kaifin ɗigon, sai dai zai iya mutuwa a tsakiyar wasa ya bar ka da salati. Mai gyaran rediyo kuma zai iya dasa masa rezista ta rage wutar dindindin, amma daga nan ka yi sallama da harbin gwangwani da rana. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

In ka rage duka har yanzu ɗigon yana yi maka kama da tauraro mai wutsiya, to ba madubin ba ne, idonka ne ke da 'yar karkata, kuma tabarau ke gyara ta. Na san za ka gwammace ka rasa gona da a gan ka da gilashin likita.

Kuma tunda muna maganar, fitilar babur ɗinka. Waccan farar da ka ƙara a kan ta kamfani. Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Maiyama zuwa Koko da dare ya san azabar masu irin halinka: ka dallare mutum, ya yi daƙiƙu yana tuƙi da addu'a kawai, ga amalanke a gefe, ga shanu na tsallakawa. Lokacin hunturu abin ya fi muni, don ƙura na watsa hasken ta dawo da shi fuskar mai shi, ga shi kuma lokacin ne kuke ta jigilar albasa. Ko don kun san kuna da masu ɗori da ake zuwa nema daga ko'ina a Arewa shi ya sa ba ku tsoron karaya? Ni dai na daɗe ina zargin da ku da su akwai yarjejeniya.

Yanzu bari in cire hular wasa na ɗan lokaci, don Gwaggo ba ta da wani kamarka, Allah ya kyauta. Nan ba Japan ba ce. Bindigar nan a duhu ba ta da bambanci da ta gaske, kuma ka san halin da jihar Kebbi ke ciki. Ɗan banga da ya hango mutum goma suna raɓe-raɓe a gona da tsakar dare ba zai tsaya tambayar milimita nawa ne harsashin ba. In dole sai kun yi, ku yi a gida mai katanga, da sanin mai unguwa da 'yan sintiri da 'yan sanda, kuma kada a fita da ita titi ko sau ɗaya. Kowa ya sa tabarau mai kauri na kariya, ba na gayu da ake sayarwa a tasha ba, don ɗan robar nan yana fasa ido, kuma ido dai ko a Aliero ba a ɗora shi.

Sauran magana ɗaya, wadda na tabbata ƙanenka ya ji kunyar gaya maka. A wasan nan harsashi ba ya barin fenti ko tabo a riga. Dokarsa ita ce, wanda aka harba shi zai ɗaga hannu da kansa ya ce an same shi, ya fita fili. Kai, taubashi! Kai da ka taɓa hure dara da gefen babbar riga ka ce iska ce? Kai da har yau kake cewa kokawar da na kayar da kai a gaban 'yan mata santsi ne? Samarin nan za su harbe ka har asuba kana rantsuwa cewa sauro ne. Ka sanar da ni daren da za a yi, zan taho daga Jega da kujerata da gyaɗa, in zama shaida. Maganar kuɗin shara kuwa, mu bar ta sai watan cika-ciki, a gaban Gwaggo.