Daren da Aka Yi Mini Guɗa

Malamai magabata sun yi dogon bayani a kan falalar wadatar zuci, ni kaina kuma na sha karantar da yara wannan babi har muryata ta dushe. Amma duk wanda ya taɓa bin hanyar burji da daddare a tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gabas da yamma, ga ramuka, ga jakunan da suka mai da tsakiyar hanya makwancinsu, alhali ba shi da abin dogaro, bayan Allah, sai ƙwan fitila guda ɗaya a goshin babur, to ya san akwai wuraren da aiki da wannan babi yake da wuya. Bisa wannan uzuri ne na ƙudura niyyar ƙara wa babur ɗina, Boxer ƙirar Indiya wanda bai taɓa saɓa mini ba, fitilu biyu irin waɗanda direbobin manyan motoci ke ɗaurawa don keta hazo, kowace tana shan wat 55.

Da na sayo su, sai na nufi wurin mai wayarin da ke ƙarƙashin darbejiyar bakin tasha, na tarar maigidan ba ya nan, sai yaronsa, wanda ko gashin baki bai fara tsiro masa ba. Ya juya fitilun, ya dubi babur, ya dube ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, wayar da ke fitowa daga bayan makulli ta hon ce da sigina da fitilar birki, siririya ce, ba za ta ɗauki waɗannan ba. Sai an sa rile da fis nasu na daban. Makunni ai sarki ne, nasa ba da umarni. Rile shi ne ɗan dako." Ya ɗauko wani ɗan baƙin akwati mai ƙafa huɗu, ya nuna mini lambobin da ke gindinsa: ƙafa ta 30 za ta sha wuta daga batir ta waya mai kauri, ta 87 ta miƙa wa fitilu, ta 86 ta tafi ga makunni, ta 85 kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfen babur. Daga nan ya faɗi kuɗin kaya da ladan aiki, na ji sun tasam ma rabin kuɗin fitilun.

To, ni mutum ne da ya zauna a aji, ya san cewa tun shekarar 1827 wani Bajamushe mai suna Ohm ya bayyana ƙa'idar tafiyar lantarki a cikin waya, kuma ban ga dalilin da zai sa in karɓi fatawa daga yaron da hannunsa ya fi allonsa baƙi ba. Na koma gida na ɗauki alƙalami na buga hisabi: fitilu biyu wat 110, batir bolt 12, idan an raba sai a sami amfiya 9 da 'yar ɗoriya, na buɗe murfin gefe na duba fis ɗin da ke kusa da batir, na ga an rubuta 10 a jikinsa. Tun da yake babu saɓani tsakanin ma'abota ilmi cewa 9 ba ta kai 10 ba, sai na ga hujja ta tsayu, rile kuwa bidi'a ce da aka ƙago don cin kuɗin bayin Allah.

Ranar Alhamis bayan La'asar na shimfiɗa buhu a ƙofar gida, na tanadi reza da filaya da salatif da almakashin uwargida, wanda na ara ba da saninta ba. Na kwance fitilar gaba, na tarar da wayoyi sun cukuikuye, ja da baƙa da koriya da ruwan ƙasa, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙwan sigina har na gano wadda ke kawo wuta idan an murɗa makulli, ta ɗauke idan an kashe. Na fere mata riga, na murɗa wayar fitiluna a jikinta, na naɗe da salatif, na ɗaure ɗaya wayar a wani noti na jikin ƙarfe. Bayan Magariba, yaran unguwa sun yi sahu, na yi bisimilla na danna makunni, sai ga bangon zauren maƙwabcina ya yi fari fat, har kajin da suka hau kwana suka sauko. Don in cika hujja a gaban shaidu, na danna hon, na taka birki, na kunna sigina gaba ɗaya; sai na ji ɗas, duniya ta koma yadda take.

Maƙwabcin nan nawa, wanda ya daɗe yana yaron mota kafin ya koma sai da goro, ya zare fis ɗin ya haska shi da tocila, ya ce ai wannan ƙaramin alhaki ne, a zamaninsu takardar azurfar kwalin taba suke naɗa masa, mota ta je Legas ta dawo. Na san sarai cewa an yi fis ne domin ya tsinke kafin waya ta yi zafi, kuma wanda ya naɗe shi ya sallami mai gadi ke nan; amma na tuna washegari da dare akwai walimar auren wani abokin aikina a ƙauyen da ke gaba da mu, na kuma tuna malaman fiƙihu sun yi rangwame a babin larura, saboda haka na yi shiru, shi kuwa ya ɗauki shiruna a matsayin izini.

Ranar Juma'a bayan Lisha na saɓa babbar riga, na kafa hula, na kama hanya cikin wani irin haske da ban taɓa sanin talaka zai mallaka ba. Masu kekuna suna hango ni sai su faɗa gona, suna zaton babbar mota ce, ni kuwa ina wuce su ina ɗaga musu hannu cikin tawali'u. Da tafiya ta miƙa na lura sigina ta daina ƙiftawa, na ce gajiya ce. Na ji ƙaurin roba, na ce manoma ne ke ƙona sharar gona. Na ji makulli ya yi ɗumi, na ce ni'ima ce a wannan sanyi. Ina hawa tudun da ke bakin ƙauyen, sai hon ya fara kuka don kansa, babu wanda ya taɓa shi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa shi hon kullum da wuta a jikinsa, madanninsa haɗa ɗaya wayar kawai yake yi da ƙarfe, to rigar wayar ta narke, ta sami ƙarfe da kanta. Na murɗa makulli na zare shi, inji ya mutu, amma da yake jar wayar batir ta riga ta narke ta manne da 'yar'uwarta, fitilu da hon ba su san an sauke su daga mulki ba. Ga shi kuwa hanyar gangara ce, ta miƙe sak har ƙofar gidan ango.

Ashe mutanen gari tun Magariba suke tsaye suna jiran motar amarya. Da suka hango fitilu biyu suna gangarowa da hon babu ƙaƙƙautawa, sai yara suka ruga suna "Ga amarya! Ga amarya!", mata suka kece da guɗa, makaɗa suka saki kalangu, maroƙi ya shiga wasa ni da kirarin da ban taɓa jin an yi wa mai gemu ba, yana yabon kunyata da kyan tafiyata. Haske ya kashe musu ido, ba su ga abin da ke bayansa ba sai da na tsaya a tsakiyarsu, hayaƙi na tuɗaɗowa daga ƙarƙashin tanki, ina salati ina dukansa da hula. Gwaggon ango, wadda ta taho da kaskon turaren wuta, ta dubi hayaƙina ta dubi nata, ta matso ta kwatsa mini tambaya a kunne, "Malam, ina ka baro ta?" Ina ihun a ba ni sukudireba, su kuwa saboda ƙarar hon suna jin kamar ina cewa a biya direba, har dangin ango suka fara gardamar wanda zai biya. Wani ya kawo bokitin ruwa, wani ya ce ƙasa ta fi, liman ya ce a dai yi ta addu'a. Ana cikin haka wani ɗan yaro mai facin taya ya ɓalle murfin gefe da wuƙar mai tsire, ya datse wayar batir, ko da yake a lokacin muryar hon ta riga ta koma gurnani. Can sai ga motar amarya ta lallaɓo da fitila ɗaya, ta tsaya a gefe, aka nemi mai guɗa aka rasa, duk maƙogwaro ya bushe a kaina.

Da safe aka ɗora babur a a-kori-kura zuwa gindin darbejiya. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗaga tanki, ya zaro wayoyin da suka zama dunƙule ɗaya, bai ce uffan ba, abin da na ɗauka rashin ladabi ne mai tsanani. Ya sake wayarin gaba ɗaya, ya sa rile, ya sa fis a kusa da batir, ya kuma ba ni shawarar in musanya fitilun da na LED masu wat 10, domin abin da inji ke mayar wa batir bai kai abin da wat 110 ke zuƙa ba. Na biya ninkin abin da ya nema da farko har da ƙari, amma na tsaya a kan cewa hisabina bai karye ba, 9 ba ta kai 10 ba har gobe. Ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam, sai dai hon da birki ba su halarci darasin ba."

Bayan sallar Juma'ar da ta biyo, sai ga dattawa biyu daga ƙauyen sun yi sallama da ni a zaure, suka ce ƙanen ango zai yi aure bayan Salla, jama'a kuma sun yi ittifaƙi ba a taɓa shigowa da amarya da armashi irin na ran nan ba, don haka suna roƙon in ja gaban ayari. Ƙaramin cikinsu ya gyara zama, ya tambaya cikin ladabi ko kuɗin hayaƙin daban ne.