Wasiƙa daga Umdurman: An Naɗa Ni Malamin Turanci

Umdurman, 12 ga Maris, 2018

Zuwa ga Yaya Sani,

Yaya Inna da ƙafa? Yaya su Hajara? Ni dai lafiya lau, sai zafin da ko Katsina ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Yaya, ka san Larabci ya kawo ni Jami'ar Afirka da ke Hartum. To ga ƙanenka ya zama malamin Turanci ba ko rawani. A nan in dai daga Najeriya kake, ai Bature ne kai. Wata mai shayi a bakin kasuwar Umdurman, Bahaushiya 'yar Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ita ta damƙa min ɗanta. Albashina kofin shayi da kwanon ful, wake ne da ake dama shi da man riɗi.

Na fara masa da aikatau. Na ce mu lokacinmu a gaba yake zama: na tafi, zan tafi, ina tafiya. Bature kuwa a wutsiya yake liƙa "ed" in abu ya wuce, "walk" ya koma "walked". Yaro ya yi murna, ya ce "I goed". Na ce a'a, "went". Ya ce daga wane gida wannan ya fito? Wallahi Yaya, duba da kanka, ko harafi ɗaya bai haɗa "go" da "went" ba. Ga "buy" da "bought", ga "eat" da "ate". Shi kuma "put" ya kafe, jiya da yau duk haka yake. "Read" rubutu ɗaya, yau a ce rid, jiya a ce red. Da muka iso kan "be", da 'ya'yansa "am", "is", "are", "was", "were", sai uwar ta fara rage min sukari.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne "s". A suna, jama'a ke samunta. A aikatau kuwa mutum ɗaya ake ba, "he eats", a hana taro, "they eat". Yaron da ya haddace sarfu, kataba, katabat, katabu, a jere kamar sahun salla, ya tambaye ni wai Turawan da suka zauna nan har 1956 ba su da malaman nahawu ne?

"Will" kaɗai ya gane nan take, don a garin nan komai gobe ne in sha Allahu, daga tela har mai gyaran raksha, wato Keke Napep ɗinsu.

Don Allah ka duba ƙarƙashin gadon Inna, ka aiko min da Brighter Grammar ɗina ta hannun duk ɗalibin da zai taho. Ka haɗa da daddawa da kuka. Kada ka ce "will".

Naka ƙane,
Habu