Mabiya Bakwai, Ba Suna Ko Ɗaya

Spotify, kamfanin sauraron waƙa ta intanet da Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2006, wanda manhajarsa ta iso Najeriya a watan Fabrairun 2021, yana da wata ɗabi'a da ke hana bayin Allah barci. Mutum zai zauna ya tsara jerin waƙoƙinsa, ya raɗa masa suna, ya liƙa masa hoto, ya sake shi a bainar jama'a, sai manhajar ta gaya masa mutum nawa suka adana jerin, amma ta ƙi faɗa masa ko su wane ne. Masu bin shafinsa kam yana iya ganinsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Masu bin jerin waƙoƙinsa kuwa sai lamba tsirara: bakwai, shi ke nan. An yi shekaru ana roƙon kamfanin ya yaye wannan labule, bai yaye ba. A ganina gara da ya ƙi, kuma hujjata ba ta wuce halin su masu roƙon ba. Wanda ya lura da abin da mutane ke yi da lamba, ba sai an gaya masa abin da za su yi ranar da aka danƙa musu sunaye ba.

A fara da Akawu. Shi wannan kafin ya wanke ido da safe ya duba, kafin ya kwanta ya sake dubawa, yana bibiyar lambar yadda ɗan kasuwar Dawanau ke bibiyar farashin buhun masara. Ranar da bakwai ta koma takwas, har mai gadi sai ya sha gaisuwa. Ranar da ta koma shida, iyalinsa su ne za su ji a jikinsu, alhali ba su san laifin da suka yi ba. Abin dariyar shi ne rabonsa da sauraron waƙoƙin da ya jera tun watan da ya jera su. Kiɗan ya tafi, lissafin ya zauna. Yana da ɗan'uwa da suke uwa ɗaya uba ɗaya, wato Malam Ba-ruwana, mai cewa shi don kansa ya tsara abinsa, wanda ya ga dama ya bi, wanda bai ga dama ba ya bari. Gwada shi abu ne mai sauƙi. Ka ce masa, "Na ga mutum arba'in ke bin jerinka." Kafin ka rufe baki zai ce, "Arba'in da uku."

Sai Masoyi, wanda shi lambar duka ba ta dame shi ba, mutum ɗaya yake nema a cikinta. An rabu da shi ranar Talata, ranar Laraba ya tara waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, ya zaɓo masu sosa rai, ya sa wa jerin suna "Ba Komai". Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Da dare ya raba lambar ta motsa, sai ya miƙe zaune ya ce ita ce, wallahi ita ce, ta kasa jurewa. Manhajar da tun ƙarshen 2023 masu amfani da ita suka haura miliyan 600, a ƙasashe sama da 180, shi a wajensa mutum biyu ne kacal a cikinta. Ba ya kawo wa ransa cewa mai yiwuwa wani ne can a Indonesiya yatsansa ya zame. Maƙwabcinsa a wannan layi shi ne Ɗan Sandan Ciki, mai haɗa hujjoji: ya tura wa mutum biyar jerin da ƙarfe huɗu, lamba ta ƙaru da ɗaya da ƙarfe huɗu da kwata, a lokacin wane ne kaɗai ke kan intanet, saboda haka sauran huɗun mahassada ne. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to nasa ma ba ya zama gaskiyar.

Akwai kuma masu neman jama'a ko ta halin ƙaƙa. Mai Maula ba ya barin zauren WhatsApp ko ɗaya, na dangi, na tsofaffin ɗalibai, har wanda aka buɗe don tara kuɗin gyaran rijiyar unguwa, ko'ina sai ya jefa jerinsa da "a taimaka a bi". Ya mai da abin biki: ka bi nawa in bi naka, kuma yana riƙe da bashin a ka. Wanda ya fi shi kuɗi ba ya roƙo, saye yake yi. Ya biya a zuba masa mabiya dubu na bogi, kamar ɗan takarar da ya yi hayar motoci aka cika masa fili, sa'an nan ya hau mumbari yana mamakin irin ƙaunar da jama'a ke masa. Kamfanin dai yana share irin waɗannan, kuma tun 2024 yake cin tarar kamfanonin waƙa da dillalansu idan ya kama su da sauraron bogi. Na ƙarshe a wannan gida shi ne Mai Zuwa Wajen Boka. Ya ji an ce akwai wani shafi da ke tona sunayen mabiya, sharaɗi ɗaya ne, ya shigar da kalmar sirrinsa. Ya shigar. Sunayen da kamfanin bai fitar ba babu mai fitar da su, sai dai washegari ya tarar an sauya masa makulli. Garin neman gira an rasa ido.

Wanda ya fi ba da haske a kan batun shi ne Mai Riga Biyu. Jerinsa na fili kamar ɗakin karatun jami'a: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata, a yayyafa Fela da Miles Davis don a san ya waye. Abin da yake ji da gaske kuwa, waƙoƙin finafinan Indiya ne da "Jaruma" sau goma a jere, kuma ba ya kunna su sai ya danna maɓallin nan da ke ɓoye sauraronsa daga idon abokai. Shi ne kan gaba wajen cewa haƙƙinsa ne ya san masu binsa, alhali yau wata shida yana bin jerin wani abokin hamayyarsa a ɓoye, yana tsintar waƙoƙi a ciki yana kaiwa nasa. Wanzami ba ya son jarfa. A nan maganar ta tsaya: duk mai leƙen mabiyansa, shi ma mabiyin wani ne. Labulen da yake so a yaye, bayansa yake tsaye.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne babu mai neman labari a cikinsu. Kowa ya gama rubuta labarinsa, shaida yake nema. Ba Akawu sunaye, ya buɗe sabon littafi na waɗanda ba su bi ba. Ba Masoyi, ko dai ya ga ba ita ba ce ya kwanta ciwo, ko ya ga ita ce ya koma yi mata sintiri. Mai Maula kuwa ya fara bin bashi gida-gida. Ba hasashe ba ne, an riga an gwada. Tun 2017 da WhatsApp ya kawo sitatus mai nuna waɗanda suka kalla, wani sabon laifi ya shigo zumunci: "Kin ga sitatus ɗina ba ki ce komai ba." Mutane suka koma kashe alamar karanta saƙo don su yi kallo a ɓoye, manhajar kuma ta yi musu adalci, wanda ya ɓoye kansa shi ma ba ya ganin masu kallon nasa. Da za a kai wannan tsari kan waƙa, bi zai zama gaisuwar dole, janyewa ta zama yanke zumunci.

Wani zai ce ai mu mutanen suna ne. Mawaƙinmu ba ya gama waƙa bai ambaci iyayen gidansa ba, kuma shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya yi tashe ne saboda daɗin da mutum ke ji idan an kira sunansa da na garinsu. Haka ne, amma ɗan zaɓe shi ya ɗauki alƙalami ya aika da sunansa, yana so a ji. Dubban da ke kwance a ɗaka da rediyo a kunne, babu wanda ya taɓa karanto sunansu, kuma ba su rasa komai ba. Mai son a san yana bin jerinka yana da baki, yana da lambar wayarka. Wani kuma zai ce mawaƙi da mai tsara jeri suna bukatar sanin jama'arsu don sana'a. Mawaƙi dai kamfanin na nuna masa ƙasashe da biranen da ake sauraronsa da rukunin shekarun masu sauraron, abin da ya isa ya san inda zai kai wasa. Sunan mutum ɗaya ba ya sayar da tikiti. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na wadda wani ke bibiya, tana son sanin ko yana laɓe a cikin lambar. Wannan ba abin wasa ba ne, sai dai maganinsa ƙofa ce da makulli: tun 2021 mutum na iya toshe wani da kansa, yana kuma iya mai da jerinsa na sirri. Jerin sunaye zai fi amfanar mai bibiyar, domin shi ne zai zauna yana ƙirga waɗanda ke bin ta.

Saura masu cewa wane sirri ake magana, tunda kamfanin ya san komai, har yakan tattaro wa mutum abin da ya saurara a ƙarshen kowace shekara da sunan Wrapped, Mai Riga Biyu ya ga asirinsa a rubuce ya rufe waya da sauri. Sun yi gaskiya, kuma abin da kamfanoni ke tarawa a kanmu magana ce mai zaman kanta. Amma sanin kamfani daban, sanin suruki daban. Kamfani talla zai turo maka. Ba za ku haɗu a wajen ɗaurin aure ya dube ka ya yi murmushi ba.

Don haka mai mabiya bakwai ya kwantar da hankalinsa. Waɗannan bakwai ɗin ba kunyarsa suka ji ba, ba biki suke ramawa ba, ba sa kuma jiran ya gode, tunda sun san ba zai gan su ba. Waƙoƙin suka ji, suka yi musu daɗi, suka ajiye. A garin da ake yaba wa amarya girki ko da gishiri ya zarce, samun irin wannan yabo ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai in ɗaya daga cikin bakwai ɗin shi ne da kansa, ta tsohuwar wayarsa. To, shida.