Mai Gadin Ƙeya Ya Yi Gyangyaɗi

Na ji ku, 'yan majalisar mai shayi ta Tirwun. Wai duk wanda ya miƙe daga tabarma jiri ya kwashe shi, ko iska ce ta shafe shi, ko uwargida ta rage masa tuwo. Haba Alhaji, a bar aljanu su huta, laifin da aka ɗora musu ya isa.

Da ka miƙe, jini kamar rabin lita yake gangarawa ƙafafu. A jijiyar wuya, ƙasan muƙamuƙi, da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, akwai 'yan rahoto masu kaɗa wa gindin ƙwaƙwalwa ganga, can wajen ƙeya. Ƙarfin jini na raguwa, kiɗan ya yi sanyi. Mai gadin wurin ba ya neman shawara: kafin ka gyara hula ya sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi sun tsuke. Wani Bajamushe, Heinrich Hering, ya nuna haka a jikin karnuka tun shekarun 1920. Kar a harare ni, ban ce ƙeyarku ɗaya ba.

To ga magani. Aldomet ɗin da ake rubuta wa masu juna biyu in jini ya hau, wurin mai gadin nan yake zuwa ya ce masa sassauta. Aikinsa ke nan, shi ya sa jinin ke sauka. Amma wanda aka ce ya sassauta, sai ya yi nawar tashi. Hajiya ta zabura daga gado, ido ya yi duhu. Ba jefar da ƙwayar za ta yi ba: ta zauna bakin gado tukuna, ranar awo kuma ta faɗa wa likita. In lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20 bayan an miƙe, likitoci ma sun san da magana.

Kodin da tiramol kuwa ba sallama suke yi ba, bargo suke lulluɓa masa, ga shi ɗakin numfashi na maƙwabtaka da nasa. Ba don ƙeta gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 ba.

Na ji wani daga ƙarshen benci yana cewa shekararsa uku yana sha, bai taɓa faɗuwa ba. Madalla, Malam. Ajiye kofin, miƙe mu gani. A'a, a hankali, dafa bangon tukuna.